Tsoffin tashoshin jirgin ƙasa na ƙauyukan Filato: me ya kashe su, kuma wacce ce za ta iya farfaɗowa?

Tun da gwamnatin jihar Filato ta haɗa hannu da hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya aka sake jin ƙarar jirgi tsakanin Jos, Bukuru da Kuru, tambaya ɗaya take yawo a majalisu da tashoshin mota: idan jirgi ya dawo sosai, zai tsaya a tsohuwar tashar garinmu? Mutumin Jingir yana yi, na Hoss yana yi, na Heipang ma yana yi. Yawanci kuma ana haɗa tambayar da zato biyu. Na farko, cewa gwamnatocin baya-bayan nan ne suka kashe tashoshin duka. Na biyu, cewa tunda ginin yana tsaye, fenti da kwanon rufi kawai yake jira. Duka biyun akwai gyara a cikinsu, domin tashoshin nan ba tsara ɗaya ba ne, ba kuma ciwo ɗaya ne ya kwantar da su ba.

Aikin da aka gina tashar ƙauye domin shi

Tsohon layin dogon Najeriya layi ɗaya ne tilo, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Saboda haka dole a samar da wuraren da jirgi biyu za su yi kiciɓis, ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce. Wannan shi ne asalin yawancin tashoshin ƙauye. Ana shimfiɗa layi na biyu a gefen babban layin, tsawonsa ya ɗauki jirgi guda cur, da makarkata a kowane baki wadda ake juyawa da hannu. Sai dogayen sandunan sigina a nesa da tasha ta gabas da yamma, da wayar tangaraho ko tarho da ke haɗa shugaban tasha da takwarorinsa na gaba da na baya.

Ƙa'idar aikin mai tsauri ce. Direba ba ya barin tasha sai an damƙa masa sandar izini ta yankin da ke gabansa, kuma sanda ɗaya ce take iya fita a lokaci guda. Sai ya miƙa ta a tasha ta gaba sannan wani jirgin ya samu shiga. Daga nan za a gane abin da ya sa ake kusanta tashoshi da juna. Idan jirgi yana tafiyar kilomita 30 a awa, tazarar tasha da tasha kuma kilomita 15 ce, to kowane jirgi yana tare hanya rabin awa. A rufe tashar tsakiya, tarewar ta zama awa guda, adadin jiragen da layin zai ɗauka a yini ya ragu da rabi.

Dalili na biyu ruwa ne. Kan jirgi mai aiki da kwal tururi yake amfani da shi, yana shan ruwa da yawa, musamman a hawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, duk layin da zai zo mata sai ya hau tsauni. Shi ya sa ake samun tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, da rijiya ko ƙaramin dam, a tashoshin da ke gindin hawa. Bayan waɗannan sai ofishin tikiti, da ma'auni, da sito na kaya, da kwatas na ma'aikata, da ɗakin ajiyar kayan leburorin da ke duba layi a ƙafa kowace safiya ƙarƙashin helumansu.

Fasinja da kasuwa daga baya suka biyo. Ƙauyuka da dama ba su suka jawo tasha ba, tashar ce ta jawo su. Wannan batu ne da ya kamata a riƙe, domin duk ranar da layin ya daina buƙatar kiciɓis da ruwa a wani wuri, tashar wurin ta rasa ƙafarta ɗaya ko da mutanen garin suna nan.

Tashoshin ƙaramin dogo, daga Zariya zuwa Bukuru

Kuza ce ta kawo jirgi Filato. Bayan Turawan kamfanin Neja sun tabbatar da arzikinta a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta, a ka ake ɗaukar kuzar zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, tafiyar kusan mil 200. 'Yan dako dubbai ne, kuɗin dakon kuma yana cinye ribar. Da layin Baro zuwa Kano ya kammalu a 1911 ya ratsa Zariya, sai kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta tsago musu reshe.

Aka yi shi cikin sauri kuma da araha. Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne, wato milimita 762, alhali babban layin ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Har da ƙarafan tsohon ƙaramin layin Zungeru da aka tumɓuke aka yi amfani. An buɗe shi kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jingir, ya hau tsauni ya shiga Jos ya ƙare a Bukuru, mil 143 baki ɗaya. An sa masa sunan Bauchi duk da bai taɓa shiga garin Bauchi ba, saboda a lokacin tsaunukan Jos suna cikin lardin Bauchi, sai 1926 aka yanke lardin Filato.

Tasha irin ta Jingir a wannan zamani tana da aiki na gaske. Tana kusa da inda hawan yake tsananta, tana kan hanyar leburorin da ke kwararowa daga ƙasar Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato zuwa barikokin kuza, hatsin da za su ci ma ta nan yake bi. A shekarun yaƙin duniya na biyu, bayan Ingila ta rasa kuzar Malaya, an yi diban gwamna tsakanin 1942 da 1944, aka tilasta wa dubban talakawa aikin haƙa a cikin sanyin Filato, da yawa ba su koma gida ba. Duk mai rubuta tarihin waɗannan tashoshi bai kamata ya tsallake wannan ba.

Amma arahar da aka nema ita ta zama ajalin layin. Taragon ƙaramin dogo ba ya hawa babban layi. Kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake loda shi, kowane inji da za a kai ma'adinai ma haka. Kan jirgin ƙarami ne, a hawa ba ya jan kaya masu nauyi.

Shekarar 1927 da abin da ta canza

A 1927 babban layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal, ya iso Jos daga Kafanchan, tafiyar kilomita 101, ta Kagoro, Manchok, Hoss da Kuru. Mil 10 da ke tsakanin Jos da Bukuru aka faɗaɗa su suka koma babban layi. Lissafin ya fito fili: daga Jos zuwa Legas ta Zariya kusan kilomita 1,200 ne, ga sauke-da-lodi a tsakiya, daga Jos zuwa Fatakwal kuwa kusan 840 ne a tarago ɗaya. Ga kwal ɗin Inugu yana zuwa kai tsaye. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, aka daina tsallakar da taragu a jirgin ruwa, magana ta ƙare.

Ƙaramin dogo ya ƙara shekara 30 yana jan gyaɗa, auduga, hatsi da fasinja, motoci kuma suna ƙwace masa ciniki a hankali. A ƙarshen Satumban 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Wato tashoshin Jingir, Rahama, Kudaru da Soba sun mutu shekara uku kafin samun 'yancin kai. Wasu kawunan jirgin da taragunsa suna nan a gidan tarihi na Jos, duk mai son ganin ƙanƙantar layin da idonsa ya je can. Waɗannan tashoshi babu layin da za a gyara musu, domin babu layin kwata-kwata. Duk jirgin da zai sake bi ta nan sabon aiki ne daga tushe, da awon hanya da biyan diyya.

Bayan ƙaramin dogo da babban layin gabas, tsara ta uku ita ce ta layin Borno, wanda ya tashi daga Kuru. An fara shi a 1958 da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, kusan kilomita 640. Heipang tana kan wannan layi. Tashoshinsa su ne mafi ƙuruciya, su ne kuma suka fi gajeren zamanin jin daɗi.

Yadda tashoshin babban layi suka durƙushe

Waɗannan ba a rufe su rana ɗaya da takarda ba, sun yi ta raguwa ne. A 1964 jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya tan miliyan 1 da kaɗan. A tsakanin nan rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan gabas suka bar Jos, Bukuru da Kafanchan, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya yanke layin Fatakwal wanda shi ne jijiyar Filato.

Kawunan jirgi masu shan dizal, da aka fara shigo da su tun tsakiyar shekarun 1950, sun kawar da buƙatar tsayawa shan ruwa. Kuɗin fetur na shekarun 1970 aka zuba su a kwalta, tirela ta riƙa ɗaukar kaya daga ƙofar sito zuwa ƙofar sito. An kawo ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan gyaru, bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. Sai kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985, manyan kamfanonin Bukuru da Barikin Ladi suka durƙushe, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira har kayan gyaran kan jirgi suka gagari hukumar.

A tashar ƙauye abin yana zuwa ne daki-daki. Jirage su ragu har kiciɓis ya zama ba dole ba. A janye mai juya makarkata, a kulle ta a miƙe. Wayar sigina ta tsinke ko a sace ta, ba a mayar ba. Shugaban tasha ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Jirgi ya riƙa wucewa ba ya tsayawa, daga baya shi ma ya ɗauke. An ba da kwangilolin gyaran layin gabas a 2011, jirgi ya ɗan dawo ya sake ɓacewa, ta'addancin arewa maso gabas kuma ya rufe ɓangaren Maiduguri.

Abin da ke lalacewa idan jirgi ya daina bi

Ginin tasha shi ne abu mafi arha a cikin lissafin, shi ya sa tsayuwarsa ke ruɗar mutane. Mai duba tsohuwar tasha ƙasa yake fara kallo.

Babban abokin gaba ruwa ne. Damina a Filato tana da ƙarfi, tana kai wata shida. Idan ba a yashe magudanan gefen layi da kwalbatoci duk shekara ba, ruwa yana taruwa a bayan tudun da aka ɗora layin, ya jiƙa shi, ya zaizaye ƙasan. Sai a tarar da dogo yana rataye a iska, ƙarƙashinsa rami. A hawan Manchok zuwa Hoss, inda aka datsa duwatsu aka cike kwaruruka, kwalbati ɗaya da ya toshe yana iya cinye tudun da gyaransa ya fi kuɗin gina tasha sau da yawa. A yankunan kuza akwai ƙarin matsala, domin ramukan masu haƙa da hannu idan suka matso gindin layi suna raunana shi ta inda ido ba ya gani.

Sai tsakuwa. Aikinta ta riƙe shimfiɗun da dogo ke zaune a kansu, ta bar ruwa ya tsiyaye. Idan ƙasa da ciyawa suka cike ta, ta daina tsiyayar da ruwa. Idan masu gini suka kwashe ta, layin ya rasa abin da ke hana shi gocewa, kuma ƙarfe yana miƙewa da zafin rana, sai ya lanƙwashe gefe. Shimfiɗun katako gara da gobarar daji ke cinye su, na ƙarfe tsatsa ke huda su ta wajen da suke riƙe dogo. Kilomita ɗaya tana cin shimfiɗu wajen 1,500, kowanne da maɗaurai huɗu.

Sannan sata, wadda ita ta fi ciwo. Sandar dogo mai nauyin laba 80 a kowace yadi tana kai kilo 40 a mita. Kilomita ɗaya, ɓangare biyu, tan 80 ke nan na ƙarfe mai kyau, lodin tirela biyu zuwa uku. Ɓarayi sukan fara da noti da farantan da ke haɗa sanda da sanda domin su ake kwancewa da sifana, daga baya a zo da abin yankan ƙarfe. Wanda ya kwance noti huɗu ya sayar wa ɗan gwangwan bai samu abin kirki ba, amma ya buɗe gaɓar da za ta iya kifar da jirgi cike da mutane. Layin gefe da makarkatu su ake fara kwashewa, tunda ba a bin su, kuma tashar da ta rasa su ta koma dandamali kawai.

Filin tasha na wane ne?

Dokar 1955 da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta damƙa mata filayen layi da tashoshi, kuma rashin amfani ba ya sauke wannan mallaka. Hukumar tana da kamfanin da ke kula da kadarorinta, hedikwatarsa a Kaduna, shi ke ba da haya. Ofishin shiyyar da Jos ke ƙarƙashinsa yana Kafanchan. Takardar sayarwa daga wani mai unguwa ko wani tsohon ma'aikaci ba ta mayar da filin reluwe na mai saye. Wanda ya gina shago ko gida a kan layin gefe, ko dab da babban layi, ya sani cewa ranar da aikin gyara ya iso rusau zai fara fuskanta, samun diyya kuma abu ne mai wuya. Filayen ƙaramin dogo da aka rufe tun 1957 sun fi sarƙaƙiya, an yi gonaki da gidaje da hanyoyi a kansu shekara da shekaru. Mai son saye a irin wurin ya bincika a ma'aikatar filaye ta jiha da ofishin hukumar kafin ya biya ko sisi.

Gyaran tsohon layi ko shimfiɗa sabo

A Maris ɗin 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri a kan faɗinsa na da, kan kuɗi kusan dala biliyan 3. Ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024. Masu suka suna cewa an yi wa gabashin ƙasar rashin adalci, tunda Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan sun samu layi mai faɗin milimita 1,435 wanda ya fi gudu ya fi ɗaukar nauyi. Suna tuna cewa bambancin faɗi shi ya kashe layin Zariya, kuma suna da hujja. Masu goyon baya suna cewa hanyar tana nan, gadoji da filaye suna nan, kuɗin bai kai na sabon layi ba, kuma dankali da siminti ba gudu suke nema ba, araha da tabbas suke nema.

Ga mutumin ƙauye akwai abin da ba a cika faɗa masa ba. Sabon layi mai faɗi ba ya son kwana mai tsanani, don haka ba ya bin sawun tsohon, musamman a tsauni. Tashoshinsa kaɗan ne, sukan kasance a bayan gari. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kilomita 186 ne, tashoshinsa 9, kuma mazaunin Abuja ya san abin da zuwa tashar Idu da ke bayan gari yake ci kafin a kai ga sayen tikiti. A ganina, tashar Hoss ko ta Heipang ta fi samun damar rayuwa a ƙarƙashin gyaran tsohon layi. Idan aka zaɓi sabo, yawancin irinsu sun tafi ke nan, ko da jirgi yana wucewa a hango.

Ko a gyaran tsohon ma ba duka za a buɗe ba. Dizal ba ya neman ruwa, rediyo da siginar zamani sun rage yawan mutanen da ake buƙata a hanya. Injiniya zai zaɓi wuraren kiciɓis ne gwargwadon yawan jiragen da ake sa ran su bi a yini.

Abin da gari zai iya kawowa teburi

Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya cire jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, yanzu jiha ma tana iya yin doka ta zuba jari. Hakan ya kusanto da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, daga Abuja zuwa Jos. Amma hujjar da ke tsayar da jirgi ita ce kaya. Taragon kaya ɗaya yana ɗaukar tan 30 zuwa 40, kwatankwacin tirela guda. Ƙungiyar manoman dankalin Turawa ta Barikin Ladi, Bokkos ko Mangu da za ta iya nuna a rubuce buhu nawa take fitarwa a mako, wata nawa a shekara, zuwa wace kasuwa, kuma nawa take biyan mota, ta fi ƙarfin baki a kan takardar koke mai sa hannun mutum dubu. Heipang tana da ƙari a kan haka, ga filin jirgin sama ga wurin da aka ware wa tashar kwantena ta tudu. Kayan gwari irin su tumatir da kabeji kuwa ba za su hau jirgi ba sai an tabbatar da ranar tashi da ranar isa, domin kwana ɗaya a layin gefe ya isa ya ruɓar da lodin.

Kafin a kai ga wannan, akwai aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Dagatai da 'yan sintiri su hana yankan ƙarfe da kwasar tsakuwa, su kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an tsaron farin kaya. A daina zuba shara a kwalbatoci da magudanai. A hana sabon gini a kan layin gefe da filin sito, domin idan masu awo suka zo suka tarar da wurin kiciɓis ya cike da gidaje, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su matsa gaba kilomita biyar su yi shi a fili. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage a Bukuru, Kuru da Kafanchan sun san inda kowane kwalbati yake da inda ruwa ya saba cin layi, ya kamata ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su zauna da su a rubuta abin da suka sani, a haɗa shi da lissafin kayan gona a miƙa wa ma'aikatar sufuri ta jiha da ofishin shiyya na Kafanchan.